Sola a Kan Ruwa: Me Ya Sa Ƙasashe Ke Shimfiɗa Farantan Lantarki a Madatsun Ruwa?

Ranar da na fara zargin mai shagon da ya sayar mini da sola, cikin watan Afrilu ne, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Farantai biyu ne a kan kwanon ɗakina, kowanne an rubuta wat 300 a bayansa, kuma da su nake cajin batirin da ke riƙe mini laftof da waya idan an ɗauke wuta. Rana ta take, babu ko ɗigon girgije, amma lambar da ke kan na'urar caji ta ƙi ko kusantar 600. Na hau tsani da bokiti na watsa wa farantan ruwa, don a zatona ƙura ce. Kafin in sauko lambar ta haura. Bayan kamar minti goma sha biyar ta sake zamewa ƙasa, alhali farantan fes suke. A nan na gane cewa ƙura tana da nata laifin, amma babban ɓarawon zafi ne. (Kada wani ya kwaikwaye ni. Daga baya na karanta cewa watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗauki zafi na iya tsaga shi. Allah ne ya tsare.)

Wannan abu ne ya kai ni ga karance-karance a kan wata fasaha da ke yaɗuwa a nahiyar Asiya, wato ɗora farantan sola a kan ruwa. Na shiga da tunanin cewa sanyaya faranti shi ne dukkan labarin. Ashe shi ne ma ƙaramin dalili.

Zafi da faranti

Mai karatu ya san yadda waya ke yi idan an bar ta a kan allon mota da rana: ta yi zafi, ta rage sauri, wani lokaci ta ƙi karɓar caji. Farantin sola ma ba ya son zafi. Haske yake ci. Lambar da ake rubutawa a bayansa, a ɗakin gwaji aka samo ta, a lokacin da zafin ƙwayoyinsa yake digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, farantin silikon yana asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. A kan kwano a tsakiyar bazara faranti na iya kaiwa digiri 65. Digiri 40 ke nan sama da na gwaji. Idan ka lissafa da 0.4, kashi 16 cikin ɗari ya tafi, wato faranti mai wat 300 ya rasa wat 48 tun kafin a zo maganar ƙura da asarar waya. Mai shago bai cuce ni ba.

A kan tafki iska ta fi sanyi kuma ta fi kaɗawa, don haka faranti ba ya ɗaukar zafi kamar na kan kwano ko yashi. Ribar tana nan, sai dai ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Ta danganta da yadda aka ƙera abin da ke ɗauke da farantan. Idan robobi ne suka rufe ƙasansu ruf, iska ba ta ratsawa, bambancin kaɗan ne. Ga shi kuma a kan ruwa ba a karkata faranti sosai saboda tsoron iska, galibi digiri 5 zuwa 15, wanda a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya yana rage hasken da yake kamawa.

Yadda ake haɗa shi

Farantan su ne dai waɗanda muka sani. Abin da ya bambanta shi ne abin da suke zaune a kai. Mafi yawa ana amfani da akwatunan roba masu iska a ciki, daga robar da ake kira HDPE, irin wadda ake yin jarka da ita, sai dai an ƙara mata sinadarin da ke hana rana cinye ta. Wani kamfanin Faransa mai suna Ciel & Terre yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari. Ana jona akwatunan da ƙusoshi a bakin ruwa, layi bayan layi, ana tura su ciki, har su zama wani faffaɗan dandali da ke da hanyoyin da ma'aikaci zai taka. Daga nan kwale-kwale mai inji ya ja shi zuwa inda aka tsara.

Sai a ɗaure shi. Igiyoyi ne ko sarƙoƙi da ke zuwa ga manyan tubalan kankare a ƙasan ruwa, ko kuma turaku a gaɓa. Wayoyi suna bi ta kan robobin zuwa inbata, wadda ke juya wutar zuwa irin ta gida, sannan tiransifoma ta ɗaga ta, babbar waya ta fitar da ita tudu. Duk mahaɗin waya dole ya jure laima dare da rana na shekara ashirin ko fiye. Wanda ya taɓa ganin IP68 a kwalin wayarsa ya san ma'aunin da ake magana a kai, sai dai ita waya minti talatin aka yi mata alkawari a cikin ruwa.

Inda abin ya faro

An yi gwajin farko a lardin Aichi na Japan a 2007. A 2008 wata gonar inabi mai suna Far Niente a Kalifoniya ta Amurka ta ɗora farantai a kan kududdufin ban-ruwanta, don ba ta son tuge itatuwan inabi masu tsada ta kafa sola a wurinsu. Dalilin farko ke nan, kuma har yau shi ne ke tura yawancin ƙasashe: ƙarancin fili.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Singafo, ƙasar da birni ɗaya ce a kan tsibiri. A watan Yulin 2021 ta buɗe tasha mai megawat 60 a tafkin Tengeh, farantai 122,000 a kan hekta 45 na ruwa. Wutar tana tafiya ne ga matatun ruwan sha na ƙasar. Ka riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu: kusan hekta ɗaya ga kowane megawat, har da ɗan rara.

Na Chaina ya fi ba ni mamaki. A Huainan da ke lardin Anhui, an shafe shekaru ana haƙar kwal har ƙasa ta rufta, ruwa ya cike wurin ya zama tafkin da ba ya nomuwa. A 2017 kamfanin Sungrow ya shimfiɗa megawat 40 a kan wannan ruwa. Bayan 'yan shekaru aka kammala wata mai megawat 320 a Dezhou, lardin Shandong. Indiya tana da megawat 100 a Ramagundam tun 2022. A Turai akwai megawat 6.3 a tafkin Queen Elizabeth II kusa da Landan tun 2016, da megawat 5 a madatsar Alqueva ta Fotugal.

A 2018 Bankin Duniya ya fitar da rahoto inda ya ƙiyasta cewa rufe kashi ɗaya kacal cikin ɗari na tafkunan da ɗan'adam ya gina a duniya zai ba da kimanin gigawat 400.

Dam a matsayin batir

Nan ne abin ya kama ni sosai, wataƙila don sana'ata ce rubuta manhaja.

Kowa da ke da sola ya san inda kuɗi ke tafiya: batir. Faranti ya yi arha, batir ne ke karya mutum, kuma shi ne ke fara mutuwa. Matsalar ɗaya ce a matakin ƙasa. Sola tana bayarwa da rana, mutane kuma sun fi buƙata da magariba zuwa dare. Ita kuwa tashar lantarki ta dam matsalarta daban ce. Tana iya bayarwa kowane lokaci, ana iya buɗe injinanta ko rufe su cikin mintuna, amma ruwanta ƙidayayye ne. Abin da damina ta tara shi za a yi ta lallaɓawa har wata daminar.

To haɗa su. Da rana farantai su ɗauki nauyi, a rage ruwan da ke bi ta injin. Ruwan da ba a saki ba yana nan a bayan bango, ajiyayyen lantarki ne. Da rana ta faɗi a buɗe. Ba a sayi batir ko ɗaya ba, tafkin kansa ya zama batir. Har a lissafin shekara ma sun dace: rani, lokacin da ruwa ke ja baya, shi ne lokacin da sama ta fi washewa, damina kuma da girgije ke rufe rana ita ce ke cika dam.

Sannan ga wani abu da ba ya fitowa a hoto. Tashar dam ta riga ta mallaki manyan layukan wuta, da tiransifomomi, da hanyar mota, da injiniyoyi. A ayyukan sola da yawa, jan layi daga daji zuwa babban layin ƙasa shi ne ke cin kuɗi da shekaru. A dam an riga an biya wannan kuɗi tun tuni, kuma a watannin da ruwa ya yi ƙasa layin ba ya ɗaukar cikakken kayansa.

Tailan ta yi haka a madatsar Sirindhorn da ke lardin Ubon Ratchathani. Injinan ruwan wurin megawat 36 ne. A ƙarshen 2021 hukumar lantarkin ƙasar, EGAT, ta ƙara megawat 45 na sola a kan tafkin, ta haɗa su biyun ƙarƙashin manhaja guda da ke duba hasashen yanayi tana raba aiki. Duk wanda ya taɓa rubuta shirin da ke raba buƙatun masu ziyara tsakanin saba biyu zai ji abin a jikinsa. Girgije ya taso, wutar sola ta faɗi cikin daƙiƙu, sai manhaja ta umarci injin ruwa ya cike giɓin. Bambancin shi ne idan nawa shirin ya yi kuskure shafi ne ke ƙin buɗewa. Can kuwa gari ne zai shiga duhu, kuma injin ruwa yana da iyakar saurin da za a iya ɗaga shi ko sauke shi ba tare da an gajiyar da shi ba.

Indonesiya ta bi da babba. A watan Nuwamban 2023 shugaban ƙasar na lokacin, Joko Widodo, ya buɗe tashar Cirata a Yammacin Java, haɗin gwiwar kamfanin lantarkin ƙasar PLN da Masdar na Hadaddiyar Daular Larabawa. Ƙarfin farantanta megawat 192 ne, abin da ke fita zuwa layi kuma 145. Tafkin da ma yana da tashar ruwa mai megawat 1,008.

Ranar da guguwa ta zo Yamakura

Kafin mu yi nisa da yabo, ga abin da ya faru a Japan. A watan Maris na 2018 aka buɗe tasha mai megawat 13.7 a madatsar Yamakura da ke lardin Chiba, farantai fiye da 50,000 a jone wuri guda. Ita ce mafi girma a ƙasar a lokacin. A watan Satumban 2019 guguwar Faxai ta afka wa yankin. Ɗaurin ya tsinke ta wani ɓangare, iska ta shiga ƙarƙashi ta naɗe dandalin kamar tabarma, farantai suka hau kan juna, wuta ta tashi. Gobara a tsakiyar tafki.

Abin da ya sa gobarar sola ke da wuya shi ne faranti ba shi da makunni. Muddin haske na dukan sa yana fitar da wuta, ko da wayarsa ta tsinke tana lilo a cikin ruwa. Da aka zo sake gina Yamakura, sai aka raba ta ƙananan tsibirai maimakon ƙato guda, aka ƙara yawan ɗauri. A Indiya ma iska ta lalata wani sashe na aikin Omkareshwar a watan Afrilun 2024.

Shi ya sa na ce ƙwarewar wannan fasaha tana ga igiya. Tafkin dam ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa yana hawa da sauka da mitoci masu yawa tsakanin damina da rani. Igiyar da aka ɗaure daidai lokacin da dam ya cika za ta yi sako-sako idan ya ja, dandali ya riƙa yawo yana fizga. Wadda aka ɗaure daidai lokacin ƙarancin ruwa kuma za ta ja dandalin ƙasa idan ruwa ya dawo. Kullum kaɗawar ruwa tana murɗa mahaɗan roba tana goga wayoyi. Ga tsuntsaye, da ke ɗaukar wurin a matsayin masauki, kuma kashinsu a kan ƙwaya ɗaya na iya rage wutar layi guda har ya ƙona wurin. Kowace wanka da kowane gyara sai da kwale-kwale. Idan aka haɗa duka, gina megawat ɗaya a ruwa ya fi tsada a kan gina shi a tudu.

Ruwan na waye?

A hotunan jirgi maras matuƙi tafki fili ne da ba kowa. A zahiri da wuya a samu ruwan da ba wanda ke ci daga gare shi. Cirata cike take da kejunan kiwon kifi na mazauna yankin, kuma farantan sun ɗauki kusan kashi 4 cikin ɗari ne na tafkin. Indonesiya ta sa doka a kan iyakar abin da za a rufe. Dalilin ba masunta ne kaɗai ba. Inuwa tana rage ƙafewar ruwa, tana kuma rage gansakuka, abin da masu tace ruwan sha ke so. Amma idan ta yi yawa, tsirran cikin ruwa da ke samar da iskar da kifi ke shaƙa za su rasa haske, iska kuma ba za ta riƙa motsa saman ruwan ba.

Akwai kuma mutanen da ke ƙasa da dam. Idan aka mayar da tafki batir, an canza lokacin sakin ruwa: kaɗan da rana, da yawa da dare. Mai noman rani da ya kafa injin ban-ruwa a gaɓa, da mai fito, da mata masu wanki, duk da wannan jadawali suke rayuwa, ko da ba su taɓa ganin takardarsa ba.

Nan kusa da mu

A Afirka ta Yamma, Ghana ce ta fara. Madatsar Bui da ke kan kogin Black Volta tana da injinan ruwa na kimanin megawat 400, kuma hukumar da ke kula da ita ta ɗora megawat 5 na sola a kan tafkin. Abin lura, a gefen dam ɗin a kan tudu ta kafa megawat 50. Ninki goma ke nan. Wato ribar haɗa sola da dam ba ta buƙatar lallai sai faranti ya hau ruwa. Idan akwai busasshen fili kusa da layin, tudu ya fi arha kuma ya fi sauƙin gyara.

Wannan ya sa nake taka-tsantsan idan na ji ana cewa mu ma kawai a rufe dam-dam ɗinmu da sola. Mu ba Singafo ba ne, muna da fili. Duk da haka bari in yi lissafi irin na bayan ambulan, nawa ne ba na wata hukuma ba. Tafkin Kainji ya haura murabba'in kilomita 1,200. Kashi ɗaya cikin ɗari hekta 1,200 ne. Da ma'aunin hekta ɗaya ga megawat ɗaya da muka gani a Tengeh, megawat 1,200 ke nan da tsakar rana, alhali injinan da aka kafa wa Kainji duka 760 ne. Lambar tana da daɗin faɗa, amma a yi hattara da ita. Sola tana ba da cikakken ƙarfinta na kamar awa biyar ne a yini idan aka dunƙule, injin ruwa kuwa na iya kwana yana juyawa. Layukan da ke wurin ma ba za su ɗauki fiye da abin da aka gina su a kai ba. Kuma babban layin ƙasa da ke faɗuwa sau da yawa a shekara ba zai daina faɗuwa don an ƙara masa sola ba.

Inda nake ganin maganar ta fi ma'ana shi ne inda ƙasar gefen ruwa ta fi kowace daraja. Dubi Tiga da Challawa a Kano, ko Goronyo a Sakkwato, ko Bakolori a Zamfara. An gina su ne musamman don ban-ruwa da ruwan sha, rana tana kwashe ruwansu a banza duk bazara, kuma filayen da ke kewaye da su gonakin shinkafa ne da tumatir da albasa. Karɓe gona a irin waɗannan wurare ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da aka gina Kainji, wadda aka kammala a 1968, mutane fiye da 40,000 aka tasa, tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwa har yau. A Bakolori rikicin diyyar gonaki ya kai ga asarar rayuka a 1980. Faranti a kan ruwa ba ya tada gida ko gona. Sai dai idan aka kafa shi a inda Sarkawa ke jefa taru ba tare da an zauna da su ba, an sake maimaita abu ɗaya ne da wasu mutanen. Kuma tashar da maƙwabtanta ke jin haushinta, wayoyin tagullarta ba sa daɗewa.

Iskar farkon damina da ke yaye kwanon gidaje a Arewa ita ma sai an sa ta a lissafin ɗauri. Ƙurar hunturu ba ta san ruwa da tudu ba, za ta sauka a kan faranti duk inda yake, sai dai a nan ruwan wanki yana ƙarƙashin ƙafa. Ga ciyayin ruwa da ke tahowa da ambaliya suna taruwa a jikin duk abin da suka samu.

Wanda ke da data zai iya ganin abin da idonsa. Buɗe Google Maps, juya zuwa hoton tauraron ɗan'adam, rubuta Tengeh Reservoir ko Yamakura Dam ko Cirata, sannan ka matso. Za ka ga layukan farantai da siraran hanyoyin da ke tsakaninsu, da tazarar da aka bari daga gaɓa. A Cirata duba ɗigo-ɗigon da suka cika sauran tafkin, kejunan kifi ne. Daga nan ka koma Tiga ka kwatanta girman ruwan.

Nawa farantan kuwa, mai walda ya yi mini ƙafafu na ƙarfe, muka ɗaga su kamar taki ɗaya daga kwano don iska ta riƙa bi ta ƙasa. Har yanzu ba su taɓa nuna mini 600 ba, amma batirin yana cika kafin la'asar.